Maƙogwaron Zaki a Falona

Asabar, da hantsi

Gwamnati ta kafa doka yau: ban da surutu a gidan nan. Gwamnati matata ce, tun ranar da aka kawo ta nake kiranta haka, kuma har yau ba a taɓa yi mata juyin mulki ba. Ta ce, "Malam, in bakinka na ƙaiƙayi ka fita waje ka sosa." Na fita waje, ba kowa sai rana. Shi ya sa na ɗauko wannan tsohon littafin makaranta, zan riƙa juye surutun a ciki. Wanda ya ga rubutun ya yi haƙuri da shi. A aji biyu na sakandare na yi wa boko sallama, shi ma bai riƙe mini riga ba. Sauran ilmina a gindin taya na samo shi. Ni mai faci ne, kafin gwiwa ta yi mini ritaya.

Dakta tana ɗakinta na da. 'Yata ce. Ba ta zama dakta ba tukuna, saura ƙiris, amma ni na ba ta digirin tun tana ƙarama tana feɗe ƙadangaru a bayan shagona da tsohuwar reza. Tun ranar Laraba da muka dawo da ita daga asibiti ba ta fito ba, sai dai kewayawa. Jakar da ita da uwarta suka shirya suka tafi da ita tana bayan ƙofa yadda take, ko zif ba a ja ba.

Jiya da magariba taransifomar unguwa ta yi tari ɗaya ta mutu.

Asabar ɗin dai, bayan la'asar

Bari in yi bayanin firiza, don in na faɗi aka buɗe shi kada a ce maye ne ni.

A falona akwai firiza fari, dogo kamar... dogo dai. Abin da ke ciki maƙogwaro ne. Na raƙumi, na jaki, na kada, na guza, na kura, na birai uku, na jimina da na aku, kowanne cikin ledarsa da 'yar takardarsa manne a jiki. Har da na zaki. Wannan zakin shekara da shekaru Dakta tana jiransa ya tsufa ya mutu don kansa a gidan namun daji, tana zuwa tana ɗaukar gurnaninsa a na'ura kamar mai zuwa gaida dangi. Ranar da aka bugo mata waya cewa ya cika, da cikinta da komai ta ɗauki wuƙaƙenta ta tafi.

Karatunta kenan, kuma ni ne dabbar farko da ta gwada. Ta shafa mini wani mai mai sanyi a wuya, ta danna na'ura, ta ce in ce ƙaho, in ce ɓawo. Sai ga maƙogwarona a allon kwamfuta: in na ce ƙa ya yi tsalle sama, in na ce ɓa ya nutse ƙasa. Wai tana so ta gano tsokokin da ke wannan hawa da sauka, da dabbobin da Allah ya ba irinsu amma ba su haɗa kalma da su. Na ce ashe bawul ne, iska ta shiga iska ta fita, sana'ata ce kika kai jami'a kika sa mata kwat. Ta yi dariya har na'urar ta zame.

An kwaye rufin ɗakin gwajinsu ana gyara tun damina, shi ya sa kayan suka zo mana baƙunta. Gidan mijinta a saman bene yake, ba mai hawa da firiza.

Na taɓa murfin yanzu. Da sauran sanyi.

Lahadi, da safe

Ba wuta. Ba ta fito ba.

Litinin, bayan azahar

Na je na ɗauro ƙanƙara a bayan keke. Kafin in iso rabi ta zama ruwa, ta jiƙa mini wando ta baya. Masu zaman bakin titi suka ce, "Baba, lafiya?" Na ce tsufa ne, yana nan tafe gare ku.

Mata suna ta zuwa. Su zauna a falo, su faɗi abin da ake faɗa, Gwamnati ta amsa abin da ake amsawa. Wata ta jingina da firizan ta ce a ba ta ruwan sanyi daga ciki. Gwamnati ta ce babu, ko kallona ba ta yi ba. Ni kuwa na danne bakina da hannu, saura kaɗan in ce sai dai a ba ta na raƙumi ta sha da shi.

Na tsaya a ƙofar Dakta na ce, "Ranki ya daɗe, zakinki yana gaisuwa, ya ce sanyi ya fara yi masa kaɗan." An fito da kwanon abincinta yadda ya shiga, cokali ne kawai ya sauya gefe.

Talata, da yamma

Surukina ya zo da janareta a bayan mota. Dogo ne mai ƙarancin magana, nesa yake aiki. Ranar da abin ya faru yana kan hanya, bai iso ba sai da aka gama komai. Ni na yi abin da shi zai yi, ni da maƙwabcina. Ba nauyi ko kaɗan a hannu. Abin da ban zata ba kenan.

A bar wannan maganar.

Mun tayar da janareta, firiza ya yi ajiyar zuciya ya kama aiki. Ni ma na yi. Surukina ya shiga wurin matarsa, ya daɗe, ya fito ya zauna kusa da ni a dakali. Na ce, "Ta yi magana?" Ya ce, "Ta kalle ni dai, Baba." Na ce to ka fi ni, ni bango nake wa wa'azi. Ya yi ƙoƙarin murmushi don ya girmama ni. Yaron kirki ne, har dariyar da ba ya ji yana yi mini.

Laraba, da hantsi

Janaretan nan a ƙarƙashin tagar Dakta yake, wayar ba ta kai bayan gida ba. Gwamnati ta ce ta same ta ta danne kai da filo. Na ce to a zaɓa, ko ƙara ko wari. Ta ce, "Kai komai wasa ne a wurinka." Yanzu ina kunna shi da safe in kashe, in kunna da yamma in kashe, kamar mai ba mara lafiya magani.

Alhamis, bayan la'asar

Yaya ta zo. Ita ke gaba da ni, kuma ba ta taɓa bari na manta ba. Ta ga waya ta ratsa ta taga ta shiga falo, ta bi ta da ido har gindin firiza, ta ce mene ne a ciki da ake ƙona masa mai alhali mutane na zufa. Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma ni ne. Na buɗe mata, har ina gabatarwa: wannan kura, wannan kada, ku gaisa.

Ta ja da baya tana salati. Ta ce, "Mai ciki tana damƙar mushe da hannunta, tana kwana kusa da wuyan kura, kuma ku ce ba ku san daga ina abin ya zo ba? Wane irin karatu ne wannan? Ai ga sakamakonsa nan kun gani."

Bangon da ke tsakanin falo da ɗakin Dakta bulo ɗaya ne. Tari ma ana ji.

Me na ce? Na ce, "Yaya, kurar nan ta mutu, ke ce dai mai cizo." Wai raha. Abin da na samu kenan in kare 'yata da shi. Gwamnati ce ta miƙe, ita da ta fi kowa ƙin firizan nan, ita da ta yi wata guda ba ta yi mini magana mai daɗi ba bayan an shigo da shi. Ta ce, "Yaya, likita ya faɗi abin da ya faɗa, kuma ba wannan ba ne. Ga takalminki can." Har ƙofa ta raka ta.

Da ta dawo ta ɗauki jakar nan ta bayan ƙofa ta ɗora can saman kwaba, ta rufe da zane.

Juma'a, da safe

Ko cokalin bai motsa ba jiya.

Asabar, da azahar

Janareta ya bi taransifoma. Ya yi hayaƙi baƙi, ya yi shaƙuwa, ya kwanta. Na kwance shi a tsakar gida ina ji da kaina, na mayar, sai ga ƙusoshi sun yi saura a hannuna. Mai gyara ya zo ya duba ya ce, "Baba, wa ya taɓa shi?" Na ce wani sakarai ne, ya tafi. Ya ce sai an aiko da kaya daga wani gari.

Masu wuta sun ce suna sane da mu. Na gode musu. Daɗi ne a ce wani yana sane da kai.

Na koma keke da ƙanƙara. Gwiwar nan tana zagina da kowane taki.

Litinin, da hantsi

Malamar Dakta ta zo, wadda ke duba aikinta ta fannin harshe. 'Yar ƙaramar mace ce mai tabarau. Ko jaje take maka, kana ganin kunnenta na bin yadda kake furta kalma. Ta taɓa zaunar da ni yini guda ina maimaita ɓera, ɓera, ɓera, har na fara jin wutsiya na fito mini.

Ta ce an kusa gama rufi. Ta ce sun aro wata na'ura daga wata jami'a, mai ɗaukar hoton cikin nama ba tare da an yanka ba, kuma ba za ta daɗe a wurinsu ba za a mayar. In kayan firizan nan suka shiga na'urar, Dakta ta gama, sauran rubutu ne. In suka ruɓe kafin nan, ko na'urar ta tafi, wa'adin karatunta zai cika ba ta da abin nunawa. Na ce a sake tarawa mana. Ta ce, "Baba, zaki nawa gare mu?"

Ta shiga ɗakin. Na kasa kunne kamar ɓarawo. Na ji muryar Malama, na ji shiru, na sake jin muryar Malama, sai wani abu gajere can ƙasa. Da ta fito ta cire tabarau tana gogewa da gefen mayafi, ta daɗe tana gogewa.

Na ce, "Ta yi magana ko?"

Ta ce, "Ta ce in gaya maka ka zubar."

Talata, da safe

Ban zubar ba.

Ban san karatun ba, ban san amfaninsa ga duniya ba. Na dai san in ta tashi wata rana ta tarar babu wannan ma, to biyu kenan. Ɗaya ba a tambaye ni ba. Wannan kuwa a falona yake.

Laraba, da yamma

An fara jin wani abu a falo. Ba wari ba tukuna, sallamarsa ce. Gwamnati ta kunna turare ba ta ce mini komai ba, wanda ya fi faɗa ciwo.

Na je wurin Mai Kifi a bakin kasuwa. Tana da ɗakin sanyi mai injinsa na kansa, kuma shekaru ina yi wa motarta faci. Na yi mata bayani tun daga raƙumi har aku. Ta riƙe haɓa ta ce, "Baban Dakta, da wani ne ya zo mini da wannan da tsintsiya zan raka shi." Ta yarda ta ba ni kusurwa ɗaya, da sharaɗi: kada leda ko ɗaya ta ɗiga. In ruwan kura ya taɓa mata kifi, ta ce ni da kurar za ta jefo mu titi.

Na ce ai kin zo gidan. Gano inda abu ke yoyo, a nan na tsufa.

Alhamis, bayan azahar

Zan rubuta shi yadda ya faru, ba gishiri.

Da safe na cika babban baho da ruwa da ragowar ƙanƙara. Yadda ake gwada tub: ka nutsar da shi, ka matsa, ka duba inda kumfa ke fita. Haka na yi wa ledojin nan ɗaya bayan ɗaya. Wallahi aikin ya yi kyau. Na kama huda a ta jaki, na kama a ta kada, na kama wata ƙarama a ta biri wadda ido ba zai taɓa gani ba. Duk wadda na gwada sai in bar ta a ruwan sanyin ta jira 'yan'uwanta. Har waƙa nake yi ƙasa-ƙasa. Rabona da jin ni wani ne tun kafin asibiti.

Da na gama na zo sakawa a sababbin ledoji, sai na ga abubuwa farare suna yawo a kan ruwa kamar fure. Takardun ne. Duk sun saki. Na tsamo ɗaya, tawadar ta zama shuɗin gajimare. Na tsamo wata, ta narke a yatsana.

Na zauna a ƙasa ina kallon baho. Duk sun zama abu guda: bututu da guringuntsi da jan nama. Na raƙumi dai na gane shi don tsawo. Sauran ko a kotu ba zan iya shaida ba.

Gwamnati ta fito ta duba ruwan, ta dube ni. Na ce, "Amma ba wadda ke yoyo yanzu." Ta ce, "Malam." Shi kenan abin da ta ce. Sai ta tsuguna ta taya ni ƙulla ledojin.

Suna wurin Mai Kifi. Suna da sanyi, ba su da suna.

Juma'a, da la'asar

Ban ci abinci ba. Yanzu kwano biyu ke dawowa kicin. Gwamnati ta ce in za mu yi gasa ne a gaya mata ta huta da hura wuta.

Lahadi, da hantsi

Na kai Malama ɗakin sanyi. Ta tsaya tsakanin kwalayen kifi tana rawar ɗari, na buɗe mata buhun. Ta duba, ta duba. Ta ce, "Baba, ni kunne ce. 'Yarka ce hannu." Abokin aikinta masanin ƙashi da tsoka ya yi tafiya, kuma ko yana nan, ta ce iyakarsa ya ce wannan biri ne. Ba zai san wane birin ba ne cikin ukun, alhali kowanne da muryarsa da Dakta ta ɗauka yana da rai, kuma dole a haɗa kowace murya da maƙogwaron da ya yi ta. In aka haɗa ba daidai ba, ƙarya za a rubuta, gara ma a ce babu.

Na ce ko a yi ƙuri'a. Ba ta yi dariya ba, amma ba ta tsawata ba. Ta ce mutum ɗaya ne ya yanke su da hannunsa, shi kaɗai zai gane yankansa.

Mai Kifi tana jinmu daga bakin ƙofa. Ta ce, "To ku je ku taso ta mana." Kamar wanda za a tasa daga barcin rana.

Talata, da safe

Surukina ya zo, yana so ya mayar da Dakta gidansu, ko sauyin wuri zai taimaka. Ta juya fuska bango. Ya fito ya tsaya a falo yana kallon firizan da ba komai a ciki. Ya ce, "Baba, na kwashe kayan ɗakin can kafin ta koma. Ɗan ƙaramin gadon ma na ba wani." Na ce ka kyauta. Muka tsaya mu biyu kamar masu jiran mota.

Ban gaya masa maganar takardu ba. Kunya ma tana da nauyi, ita kam.

Laraba

Ba wuta. Ba ta fito ba. Gwiwa.

Juma'a, bayan azahar

Abu biyu a rana ɗaya. Malama ta bugo ta ce an gama rufi, na'ura ta iso, motar makaranta za ta zo ranar Litinin ta ɗauki kaya, amma sai masu suna. Mai Kifi kuma ta aiko cewa motar kifinta na tafe jibi, tana son kusurwarta, in yi haƙuri.

Na tambayi Gwamnati ko ita za ta gaya wa Dakta abin da na yi. Ta ce, "Wanda ya yi wankan shi zai faɗa."

Na shirya maganar iri-iri a kaina. Duk wadda na shirya sai in ga ta ƙare da raha. Ban san yadda ake shiga magana ta ƙofar gaba ba, kullum ta taga nake shiga. Na tsufa a haka.

Lahadi, bayan la'asar

Bari in rubuta tun abin yana sabo.

Da hantsi na kwaso su daga wurin Mai Kifi, ta ƙara mini ƙanƙara kyauta ta ce Allah ya ba da sa'a. Na jera su a baho a tsakar gida, cikin inuwa, daidai ƙofar Dakta. Na zauna a kan kujerar tsuguno. Na ce:

"Dakta, ni ne. Kin ce in zubar, ban zubar ba. Abin da na yi ya fi zubarwa muni. Na gwada su a ruwa kamar tub, takardun duk sun wanke. Ga su nan a ƙofarki, ba wanda ya san wane ne wane. Gobe mota za ta zo. In kin ce a zubar yanzu, zan zubar, amma ki fito ki faɗa mini a fuskata, don ni na ɓata."

Ban ƙara ko kalma ba. Allah ya sani na so.

Ƙanƙara tana narkewa, ina jin ɗigarta. Gwamnati tana bakin kicin da tsintsiya a hannu, ba ta shara. Har inuwa ta fara janyewa daga kan baho, na ja shi baya.

Sai ƙofa ta buɗe.

Ta rame. Rigar uwarta ce a jikinta. Ta runtse ido don hasken, ta dubi baho, ta daɗe. Ta ce, "A ruwa, Baba?"

Na ce, "A ruwa."

"Duka?"

"Ban bar ko ɗaya ba. Kin san ni da aiki."

Ta tsuguna a hankali tana dafe da ciki, uwarta ta turo mata kujera da ƙafa. Ta sa hannu ta ɗauko leda ɗaya, ta kwance, ta juya abin a tafin hannunta, ta bi shi da babban yatsa. Ta ce, "Jaki." Ta dube ni. "Akwai alƙalamin da ba ya wankewa a jakar kwamfutata. A jikin leda za ka rubuta, ba a takarda ba."

Na tashi da gudu, gwiwa ba ta ce komai ba.

Haka muka yi. Ita tana taɓawa tana faɗa, ni ina rubutawa da rubutuna na aji biyu. Kada. Guza. Ta ɗauko wani ƙarami mai rassa biyu ta ce aku, na ce wannan ai ba wuya ba ne, ta ce tsuntsu daga can ƙasa yake kuka, inda bututun ya rabu zuwa huhu, ta sha gaya mini. Na kura ta shinshina ta ajiye gefe ta ce, "Wannan ya tafi." Na jimina ma ya tafi. Ban tambaya ko tun a falo ne ko a bahona ba. Na zaki ta riƙe shi da hannu biyu, ta danna nan, ta danna can, ta ce, "Yana nan." Gwamnati ta ce alhamdu lillahi, ita da ko a hoto ba ta son zaki.

Saura birai. Ta gane babban da wani zare da ta ɗaura masa. Sai ta ɗauko na ƙarshe a ƙanƙanta, bai kai yatsana ba. Ta riƙe shi. Ta riƙe shi. Ruwa na bin gwiwar hannunta yana ɗiga.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Baba, ranar haihuwar ni sun sa ni barci. Mama ta tafi karɓo magani. Kai ne a bakin ƙofa."

Na ce, "Ni ne."

"Ta yi kuka?"

Abin da na yi makonni ina kewayewa a littafin nan kenan. Ba wanda ya tambaye ni, ban gaya wa kowa ba, har Gwamnati. Na laluba ko'ina a kaina, ba raha ko ɗaya.

Na ce, "Ta yi."

"Sau nawa?"

"Sau ɗaya."

"Yaya yake?"

Na ce, "Siriri. Amma ya fita tas, ba gargada. Ta ƙofa a rufe na ji shi. Har wata nas da ke wucewa ta waiga."

Ta gyaɗa kai a hankali kamar yadda take yi in Malama na mata bayani. Ta ce, "To maƙogwaronta lafiya lau ne. Huhun ne bai isa ba."

Daga nan ta fashe. Ban taɓa jin irin wannan daga bakin mutum ba. Uwarta ta yar da tsintsiya ta rungume ta ta baya, su biyu a kan 'yar kujera ɗaya. Ni ina tsugune da alƙalami a hannu, ban san inda zan sa idona ba, na sa shi a baho. Abin nan ƙarami yana hannunta har lokacin, ba ta matse shi ba, ba ta sake shi ba.

Da ta lafa ta share fuska da kafaɗa, ta miƙo mini leda. Ta ce, "Rubuta, Baba. Biri, na uku, mace."

Na rubuta. Layin ya karkace, amma ana karantawa.

Litinin, da azahar

Motar makaranta ta zo. Dakta ta ce ba za ta je ba, ba ta da ƙarfi, Malama ta san abin da za a yi. Ba wanda ya matsa mata. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo ana lodi. Direba ya ɗauki akwatin ƙanƙarar da muka zuba su a ciki, ya wurga bayan mota kamar buhun gawayi, ya ɗora tayar safaya a kai.

Dakta ta ce, "Kai malam! Ka san abin da ke ciki kuwa?"

Ya ce shi dai an ce ya ɗauko kaya.

Ta sa aka sauke tayar, ta sa aka dawo da akwatin kujerar baya, ta shiga ta zauna kusa da shi ta dafa murfin da hannu. Da silifas ɗin wanka a ƙafarta. Gwamnati ta bi motar da mayafi da takalmi ta cusa ta taga.

Na tsaya a titi har suka sha kwana. Yanzu na shigo, na ci abinci, na cinye. Zan ɗan kwanta. Na gaji ƙwarai.